Na Bar Mutari a Katsina

Tun ranar da na sauko daga kamiyo, motar kaya, ni kaɗai, ba yaro a hannuna, mutanen kara ba su bar ni na huta ba. In zauna gindin turke, sai wani ya matso: "Garba, yaya ƙasar Ingilishi?" In tashi in tafi alwala, wani ya biyo ni da buta: "Wai da gaske ka bar Mutari can?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nashi guntun ya ƙara mashi gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya, daga fita har dawowa. Wanda ya ji ya gaya ma wanda bai ji ba, ku bar ni in ji da abin da ke damuna.

Ga wanda bai san ni ba, ni dillalin shanu ne a kasuwar Dakoro, da bakina nake ci da iyalina. Mutari shi ne ɗana na uku, shekararshi biyar. Da wuri ya buɗe baki, har ana cewa ya gado ni. Bayan ya wuce shekara uku sai in'ina ta kama shi. Kalma ta zo ta tsaya mashi a baki, ya runtse ido, ya buga ƙafa ƙasa, jijiyar wuyanshi ta tashi, ni kuwa ina kallo. Ba na iya jurewa. Da na ga ya maƙale sai in ƙarasa mashi don ya huta.

Ba abin da ba mu yi ba a gida. Malam ya yi rubutu, ya sha. Kakarshi ta ce a riƙa ba shi gasasshen harshen rago, wannan kam bai ƙi ba, ya ci har ya yi kumatu, in'ina tana nan. Daga baya wanzaminmu ya duba bakin ya ce linzami ne ya ɗaure harshen daga ƙasa, in an tsaga shi, shi ke nan. Uwarshi Zali ta ce ba ta yarda ba. Ni na yarda, ni kuma na riƙe shi a cinyata aka yanka. Allah ya yafe mani. Ciwon ya warke, in'ina ba ta tafi ba, abin da ya tafi shi ne maganar da yake yi da ni. Tun daga kaka har bazara yaron nan bai ƙara ce mani Baba ba. In yana son abu sai ya nuna da yatsa. Uwarshi yakan yi mata raɗa a bayan ɗaki, da ya ji takalmina sai ya yi tsit. Gida ɗaya muke kwana da ɗana, amma kewar muryarshi nake yi kamar ya yi tafiya.

Muse na lakwal, malamin makarantar garinmu, wani Bazabarme mai kirki, shi ya ce in daina kai yaron wajen masu aska, in kai shi ga lokotoro, wato likitan asibiti, a Maradi. A daidai lokacin kuma Yayata Hajara, wadda ke aure a Katsina, ta aiko ta bakin wani falke cewa maƙwabcinsu malamin makaranta ne, ya san kan irin waɗannan yara. Na ce to, sai in haɗa biyun. Da za mu fita Zali ta rako mu bakin ƙofa, ta gyara ma yaron hula, ba ta dube ni ba ta ce:

"Malam, ka tafi da shi, ka dawo mani da shi. Ko yana magana ko ba ya yi, ni ina son abina."

Washegarin kasuwa muka hau kamiyon wani Balarabe mai sayen fatu. Muna saman kaya, fatu suna wari a ƙarƙashinmu, rana tana dukanmu daga sama, ga ragon da na ɗauko ma Yaya tsaraba ɗaure a ƙafata yana ta zuba mani kashi a takalmi. Ba mu yi nisa ba kamiyo ya nutse cikin rairayi. Muka sauka, muka saro rassa muka shimfiɗa, muka tura. Ya fita, ya sake nutsewa. Sau huɗu muka yi haka kafin Kornaka. Wani mutum da ya bar Dakoro a kan jaki tun da asuba, can muka iske shi ya yi sallar la'asar yana shan hura, har yana yi muna sannu da zuwa.

A cikin wannan kamiyo na haɗu da wani tsohon Buzu daga wajen Azagor, sunanshi Agali, zai je Maradi ganin ɗanshi. Shi ma mai in'ina ne, in'inar da ta fi ta Mutari nauyi. Tsufa ya hana shi tura mota, saboda haka duk lokacin da muka nutse sai su zauna da yaron a inuwar aduwa. Na jiyo shi yana rera ma Mutari kiran da suke yi ma raƙuma a bakin rijiya, wallahi ko sau ɗaya bai maƙale ba. Na zo da gumina na tambaye shi mi ya sha.

"Ba-ban sha komi ba," ya ce. "A waƙa ba ta ka-kama ni. A magana kuwa tun ina ya-yaro muke tare. Mu can daji ba mai sa-sa-sa..."

"Sauri," na ce.

"In na tsaya, kowa yana ji-ji..."

"Jiranka."

Sai ya gyara rawaninshi, ya dube ni daga sama har ƙasa. "Dillali, ba-bakin nan nawa ne ko naka?"

Mutane suka fashe da dariya, ni ma na yi. Na ɗauka barkwancin Buzu da Bahaushe ne kawai, ban sa maganar a rai ba.

A Kornaka muka kwana gidan wani abokin sana'ata. Matarshi ta dama muna hura da nono mai kauri, irin ta gida, ragona kuwa ya saka mata ta hanyar cinye zogalen da ta shanya. Da safe na yi ta ba da haƙuri har muka hau mota.

Maradi ta cika mani ido. Tituna a miƙe kamar an ja igiya, keke ta ko'ina, kowa yana sauri ba ka san inda za shi ba. Muka yi layi a gidan likita tun hantsi, sai bayan azahar aka kira mu. Lokotoron Bature ne jajawur, hannunshi yana ƙamshin sabulu. Ya sa wani ƙarfe kamar cokali ya ɗaga harshen Mutari, ya ga tabon aska, sai ya juyo ya zuba mani magana da Faransanci, fuska a murtuke. Tafinta ya ce: "Ya ce wanzamin ya yi ƙoƙari, amma kada a sake." Na ce a raina, malam tafinta, ni ma aikina ke nan, na san yadda ake sassauta magana tsakanin mutum biyu. Ba abin da Baturen nan ya ce ke nan ba.

Daga nan ya durƙusa daidai tsawon yaron yana tambaya, tafinta yana juyawa.

"Mi sunanka?"

"Mutari," na ce.

"Shekararka nawa?"

"Biyar."

"Mi ka gani a hanya?"

"Rairayi da wahala, ranka ya daɗe."

Lokotoro ya miƙe ya dube ni ta saman tabarau, ya faɗi wani abu gajere. Wannan karon tafinta bai sassauta ba: "Ya ce wai kai ne marar lafiyar?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaro yana wahala a gaban baƙo, in tsaya ina kallo? Wane irin uba ne wannan?

Lokotoro ya ce harshen lafiya lau yake, tun farko ma ba abin da ya ɗaure shi. Ba allura, ba ƙwaya. Maganin da ya bayar shi ne yaron ya ja numfashi kafin ya yi magana, sannan ya riƙa buga gwiwarshi da yatsa, kowane bugu gaɓa ɗaya ta kalma. Tafinta ya gwada muna, abin kamar wasa.

Da muka koma masauki, gidan wani ɗan garinmu mai sayar da gishiri, na zaunar da Mutari a tabarma na ce sai ya yi. Ya ƙi. Na lallashe shi, na yi mashi tsawa, na hana shi butar ruwa na ce sai ya roƙa da baki. Can ya ja numfashi, ya ɗora yatsa a gwiwa:

"Ba. Ba. I. Na. Son. Ru. Wa."

Bai maƙale ba ko kaɗan, gaskiya dabarar tana aiki. Amma hawaye yana bin kumatunshi, kuma muryar ba ta ɗana ba ce, kamar ana daka a turmi. Wata bakwai ina jiran in ji Baba, ga shi na ji, sai na ji kunya ta rufe ni. Na ba shi ruwan. Kwana uku muna wannan bugun gwiwa, in na tilasta ya yi, in na bari ya koma nuni da yatsa.

Muka kama hanyar Katsina. A Ɗan Isa ƴan duwan, masu binciken kaya a iyaka, suka sa aka sauke kaya kaf, aka duba takardata, aka buga mata hatimi. Da muka ƙetare wajen Jibiya, shofer ya karkata motar ya koma hannun hagu. Na ƙwala ihu na ce zai kashe mu. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta ce: "Kwantar da hankalinka, mutumin Faranshi, nan haka suke tafiya." Na ce Turawa biyu sun raba ƙasa ɗaya, ko hannun hanya sun kasa shiryawa a kai.

A ɓangaren Ingilishi ma sai da aka sake sauke mu. Ina fama da ɗan doka mai jar hula a kan wace takarda ce ta ragon, sai ragon ya raba gardama, ya tsinke igiya ya faɗa cikin gari. Ni a guje, ɗan doka a guje, wani mai tsire ya bar tukubarshi ya biyo mu. Muka rasa inda ya shiga. Sai na jiyo murya daga saman kaya, da ƙarfi, tar:

"Ga shi can! Ga shi can bayan rumbu!"

Mutari ne, tsaye a kan buhuna yana tsalle yana dariya. Na tsaya cak a tsakiyar hanya, na manta da rago. Muryarshi ce, ta da, wadda na sani. Da aka kamo ragon na dawo da gudu na ɗaga yaron sama na ce: "Sake faɗa! Mi ka ce? Sake faɗa in ji!" Ya dube ni, dariyar ta gushe, ya sunkuyar da kai. Har muka shiga Katsina bai ƙara cewa komi ba.

Katsina gari ne na gaske, da ganuwa da ƙofofi, unguwa ɗaya ta fi Dakoro duka. Hausarmu ɗaya da su, amma da na buɗe baki sai su ce ga mutumin Faranshi. Abin da ya fi ba ni mamaki rijiya ce a cikin gida, guga da ƴar igiya gajera, mace ɗaya ta ja da hannu. Na ce masu mu a wajenmu sai an ɗaura ma sa igiya ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya fito, suka ce ƙarya nake. Hurarsu kuwa, Allah ya ba su haƙuri, ruwa ce aka nuna ma nono daga nesa. Amma sun iya miya, kuma a can na fara cin rogo da ƙuli. Mijin Yaya marini ne, hannuwanshi shuɗi har gwiwar hannu, kwana biyu Mutari yana ɓuya in ya miƙo mashi hannu.

Maƙwabcin da aka ce mani shi ne Malam Isa, mai koyarwa a makarantar elementare, siririn mutum mai magana a hankali. Na ba shi labarin lokotoro. Ya ce bugun gwiwa ba ƙarya ba ne, yana taimakon manya, amma yaro ɗan shekara biyar ba zai tafi da shi wajen wasa ba. Tashi dabarar daban ce. Kullum da safe kafin ya tafi aiki sai ya zauna da Mutari a zaure na ɗan lokaci kaɗan, da faifai a gabansu, a kai akwai goro, da zare, da tsakuwa, da kobon nan nasu mai huji a tsakiya. Ya riƙa tambayarshi abubuwa masu sauƙi. In kalma ta fito lafiya sai ya ce, ba da ƙarfi ba: "Madalla, wannan ta fito sumul." In ta maƙale, yawanci sai ya bar ta ta wuce kamar bai ji ba. Jefi-jefi ne zai ce: "Sake mani ita in ji." A kwana na huɗu yaron ya fara amsa mashi.

Malam Isa ya ce asali uba ko uwa ya kamata su riƙa yi, in gwada. Na zauna, na ɗaga zare, Mutari ya ce "zare" a hankali, sumul. Sai na daka tsalle: "Kai! Kun ji? Yaya, fito ki ji ɗana!" Kafin in rufe baki yaron ya shige bayan Malam Isa. Malam ya ce: "Malam Garba, yabo na ce, ba shela ba."

Yaya Hajara kuwa ba ta yarda da faifan ba sam. Takan tsaya daga bayan ƙofar zaure su yi ta gardama da shi. Ita ta ce kada ma a nuna ma yaro ana auna maganarshi, manya ne za su rage sauri, su rage tambaya, su saurara. Shi ya ce in ba a nuna ma yaro inda ya yi daidai ba, yaya zai gane hanya? Ta ce ɗan ƙanenta ba ɗan ajinshi ba ne. Ya ce ai ita ma ba lokotoro ba ce. Kullum haka, kuma kullum sai ta aika mashi da kunu. Ita abin da take yi bai wuce ta zauna a inuwa da audugarta tana kaɗi ba, Mutari a gefenta yana tsince mata ƴaƴan auduga.

Wata rana na je ganin kararsu. Shanunmu ne dai na arewa, sun iso a rame. Na dawo bayan azahar, na shigo zaure na biyu, sai na ji magana a tsakar gida. Na tsaya.

"Gwa-gwa-gwaggo, sai ragon ya-ya-ya tsinke. Sai Ba-ba-baba ya bi shi, ri-rigarshi tana ta-ta-ta..."

Shiru. Shirun ya yi tsawo har na ji kamar in kutsa. Na leƙa ta jikin asabari. Yaya ko ɗaga kai ba ta yi ba, mazarinta yana ta juyawa.

"...tashi sama!" Ya ƙyalƙyale da dariya.

"To?" in ji Yaya. "Sai aka yi yaya?"

Ya ci gaba. Yana maƙalewa, yana fita, yana ƙara gaba, labari mai tsawo da hannu da ƙafa, har da kwaikwayon gudun ɗan doka. Ina tsaye a bayan asabari kamar ɓarawo, ina sauraron ɗana yana ba da labarina. Daɗi ya kama ni, kishi ya kama ni. Na kasa haƙuri na yi sallama na shiga. Yana ganina ya haɗiye sauran.

Yaya ta nuna mani tabarma. "Zauna, Garba. Sai na cika mazarin nan, kada ka ce uffan."

Na zauna. Ta ci gaba da kaɗi kamar ba kowa. An daɗe, sannan ta ce, ba ta dubi kowa ba: "Ɗazu an tsaya a wajen mai tsire." Mutari ya saci kallona, ya dubi ƙasa, ya buɗe baki.

"Sai ɗan-ɗan-ɗan..."

"Ɗan doka," na ce.

Wallahi ban san ta fito ba. Kuma daidai na faɗa, kalmar da yake nema ke nan. Ya rufe baki, ya ajiye audugar, ya tashi ya tafi bayan ɗaki.

Yaya ta ajiye mazari. "Garba, a kara wa ke magana, mai saniya ko kai?"

"Ni."

"Mai saniyar fa?"

"Yana tsaye riƙe da igiya."

"To haka ka mai da ɗanka. Dillanci kake yi mashi."

Ku da kuke cikin sana'ar kun sani. Bafillace ya kawo sa, ba ya cewa komi, ni ke faɗin shekarun san, ni ke faɗin abin da ke ran mai shi tun bai faɗa ba. In mai saye ya yi shiru, ni ke cike gurbin, don shiru kashe ciniki yake yi. Shekara ashirin ina gudun shiru, har ana yabona a kai. Ban taɓa tunanin na kai abin gida ba. Buzu ya gaya mani, Bature ya gaya mani, ban ji ba sai da Yayata ta faɗa da kalmar kasuwa.

Masu tambayata wace dabara ta fi, ga iyakar abin da idona ya gani. Ta wanzami, kada wanda ya ƙara. Ta lokotoro tana fitar da kalma amma ba ta sa yaro son magana. Tsakanin ta Malam Isa da ta Yaya ban iya rabewa ba, don tare suke yi, kowa kuma yana cewa tashi ce ke aiki. In'inar ba ta tafi ba. Wata rana ta yi sauƙi, wata rana ta dawo da ƙarfi. Na tambayi Malam Isa ko zai warke, ya ce: "Allah ya sani. Wasu yara tana sakinsu, wasu tana raguwa, wasu su tsufa da ita. Ni ba in'inar ke ba ni tsoro ba, shirun ne."

Muna kwana na ashirin labari ya zo cewa ruwa ya sauka a arewa, ana shuka. Dole in koma. Sai Yaya ta ce in bar mata yaron har kaka. Na yi tsalle na dire. Na ce ɗana ba maraya ba ne, na ce uwarshi ta ce in dawo mata da shi, na ce zan iya kama bakina. Ta ce: "Ka gwada sau nawa a gidan nan?" Na gwada sau da yawa, ban ci ko ɗaya ba. Kwana biyu ina fushi, ina cin tuwonta ba na yi mata magana. A rana ta uku na zauna a zaure ina jin Mutari a ciki yana gardama da ƴaƴan maƙwabta a kan wani ƙwallon goruba, yana in'ina yana ƙara ɗaga murya, ba ya jin kunyar kowa. Na san in na tafi da shi yanzu, kafin mu kai Maradi zai koma nuni da yatsa. Na shiga na ce ma Yaya na yarda.

Da hantsi suka rako ni tasha. Na hau, na sauko, na sake gyara ma Mutari hula. Mutane sun gama shiga, direba ya tada mota. Na juya zan hau sai na ji an riƙe mani riga.

"Ba-ba-ba..."

Na durƙusa. Ya runtse ido, ƙafarshi tana bugun ƙasa. Direba ya danna oda. Wani daga sama ya ce: "Malam, ka hau mana, rana tana yi!" Kalmomi goma suka zo mani baki, duk na san ɗaya daga cikinsu yake nema. Na kama bakin rawanina na cusa a baki na cije. Direba ya sake danna oda. Na ɗaga mashi hannu ban juya ba.

"...Baba. Ka-ka-ka ce ma I-i-inna..."

Ya tsaya. Jijiyar wuyan ta tashi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai ji motar ta yi tsit, har mai cewa in hau ya yi shiru.

"...ka-kada ta na-na-naɗe tabarmata. I-ina zuwa."

Na cire rawanin daga bakina na ce: "To, zan gaya mata." Iyakar abin da na ce ke nan. Na hau mota, ban yarda na waiwaya ba sai da muka fita ƙofar gari.

Hanyar dawowa ba ni da labarinta. An sauke mu a iyaka, an buga hatimi, mun nutse a laka maimakon rairayi, ban kula ba.

Zali tana tsakar gida tana tankaɗe na yi sallama. Ta dubi hannuna na dama, ta dubi na hagu, ta leƙa bayana. Ta tashi ta kawo mani ruwa, don baƙo ba ya rasa ruwa a wajenta ko da ya yi laifi, sannan ta shige ɗaki. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa na yi bayani, na Yaya, na Malam Isa, na kaka. Ta ba ni baya. Na ce: "Ya ba ni saƙo. Ya ce kada ki naɗe tabarmarshi, yana zuwa."

Sai ta juyo. "Kai ya gaya mawa? Da bakinshi?"

"Da bakinshi."

"Ba haka ya faɗa ba. Faɗa mani yadda ya faɗa."

Na zauna a dokin ƙofa. Ni Garba, da ake cewa kafin a gama numfashi na gama ciniki, na runtse ido na fara: "Ba-ba-ba..." Na tsaya inda ya tsaya, na daɗe yadda ya daɗe, ban tsallake ko ɗaya ba. Ta jira ni har na kai ƙarshe, ba ta ƙarasa mani ba. Sannan ta rufe fuska da gyale, muka yi kuka mu biyu.

Tabarmar tana nan a shimfiɗe kusa da tata. In za ta yi shara sai ta ɗaga ta, ta share, ta mayar. Wani lokaci ina shirin fita kasuwa sai ta ce: "Malam, sake faɗa mani," in ajiye sandata in sake. Jiya na je gona, gero bai wuce gwiwata ba tukuna.